Gwajin Maganin Ɗaukar Hoto: Ƙananan Na'urori Za Su Iya Ɗaukar Amanar?

Daga cikin magungunan da likitoci ke amfani da su, akwai wani iri da ba ya jiran kowa, watau maganin nan mai tururin nukiliya da ake yi wa majiyyaci allurarsa kafin a ɗauki hoton cikin jikinsa da na'urar PET. Wanda aka fi sani shi ne FDG, wani nau'in sukari da aka haɗa da sinadarin fulorin-18. Da yake ƙwayoyin ciwon daji sun fi sauran nama shan sukari, maganin kan taru inda ciwon yake, hoton kuwa ya nuna wurin.

Matsalar ita ce rabin ƙarfin fulorin-18 yana gushewa cikin minti 110, na kabon-11 kuwa cikin minti 20 kacal. Amma doka ba ta yarda a sa wa mutum maganin ba sai an gwada shi. Dole a duba launinsa da tsaminsa, a tabbatar sinadarin da ake nufi ne ke ciki, a auna ragowar abubuwan da aka haɗa shi da su, sa'an nan a bincika ko akwai dafin ƙwayoyin cuta mai kawo zazzaɓi. Idan gwajin ya ci awa guda, kusan sulusin ƙarfin fulorin-18 ya tafi, na kabon-11 kuwa sai kashi ɗaya cikin takwas ya rage.

Har wa yau, gwajin na bukatar ɗaki guda cike da injuna masu tsada, da ƙwararrun ma'aikata waɗanda tururin ke iya taɓawa duk lokacin da suka riƙe maganin. Babbar cibiya mai raba magani ga asibitoci da yawa tana iya ɗaukar wannan nauyi. Ƙaramin asibiti ba zai iya ba.

Saboda haka ne masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas a Amurka, da Jami'ar Hull a Ingila, suka yi aiki a kan ƙanƙanta gwajin. Dabarar ita ce a sassaƙa siraran magudanai kamar silin gashi a kan ɗan ƙaramin faranti na gilashi ko roba, a tura ɗigon magani ta ciki, na'ura ta auna shi da kanta. Da haka maganin da ake ɓatarwa zai ragu, lokaci zai ragu, hannun ma'aikaci kuma zai yi nesa da tururin. An riga an ga amfanin irin wannan a gwajin dafin ƙwayoyin cuta, wanda a tsohuwar hanya yakan ci awa guda, amma ƙaramar na'ura ke kammala shi cikin kimanin minti 15.

Sai dai fa akwai inda ƙanƙantar ba ta kai ba. Gwajin tabbatar da cewa babu rayayyar ƙwayar cuta a cikin maganin yana cin kwana 14, saboda haka akan yi wa majiyyaci allura tun sakamakon bai fito ba, a dogara da tsabtar wurin aiki da gwajin matatar da aka tace maganin. Sa'an nan kowace sabuwar na'ura sai ta gamsar da hukumomin kula da magunguna cewa awonta bai gaza na tsofaffin injuna ba.

A nan ne maganar take. Ƙasashen da ke da ƙarancin cibiyoyin PET su ne za su fi cin moriyar wannan ci gaba, domin tsadar ɗakin gwaji na daga cikin abubuwan da ke hana buɗe sababbi. Amma ya wajaba hukumominsu su horar da masu duba na'urorin tun kafin su iso, domin majiyyacin da aka miƙa wa allura ba shi da hanyar sanin abin da ke cikinta sai amanar wanda ya gwada.