Wasiƙar Daura: A Bar wa Rafi Gaɓarsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malamai a kan wani abin da ya tsaya mini a rai.

Ran wata Lahadi bayan ɗaukewar ruwa na hau keke na tafi ƙauyenmu, don in duba gonar da mahaifinmu ya bar mana a bakin rafi. Sai na tarar ruwa ya yanke wajen kunya 20 ya tafi da su, ya bar kwazazzabo wanda in mutum ya shiga ba a hango hularsa. Na tsaya ina salati, amma ban yi mamaki ba. Giyayya da ɓaure da kanya waɗanda suka riƙe gaɓar nan sa'ad da muke yara duk an sare su, waɗansu kuwa da gatarin gidanmu, saboda haka ba ni da bakin zargin kowa. Masu tifa kuma suna ta kwasar yashi daga cikin rafin, har tsofaffi suka ce mini ramin da a da ake tonawa kamu guda a tarar da ruwa da rani, yanzu sai an yi gaba guda.

Jama'a, wannan kuka ya daɗe. Cikin 1935 wani Bature masanin daji, Stebbing, ya ta da hankalin mutane da cewa hamada tana gangarowa ƙasar Hausa. Ingila da Faransa suka haɗa ma'aikatansu suka bi iyaka cikin 1936 da 1937, suka komo da labari cewa ba su ga alamar hamada za ta cinye ƙasar ba, ɓarnar da suka gani ta gatari ce da sassabe. A zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, En'e ke tsaron gandun daji, mai sara kuwa ya san akwai alkali. Da aka rushe En'e cikin 1976, aka kawo dokar mallakar ƙasa cikin 1978, sai tsaron bakin rafi ya zama na kowa, abin kowa kuwa kun san yadda yake ƙarewa.

To, ga shawarata. A keɓe yadi 20 a kowane gefen rafi, da kewayen dam ɗin Daberam da na Sabke, a ce nan ba noma, ba saran ɗanyen itace. A tsakiyar wannan fili a fid da 'yar hanya ta ƙafa, wadda mutum zai bi ya sha iska da yamma, malamin makaranta kuma ya kai yaransa su koyi sunan itace da na tsuntsu. Na tambayi yara 6 a unguwarmu ko sun taɓa ganin gauraka, ba ko ɗaya. Shamuwa kaɗai suka sani, ita ma don tana sheƙa cikin gari ne da farkon damina.

Na san wani zai ce yawon shan iska a bakin ruwa al'adar Turawa ce, mu ina ruwanmu? Gaskiya ne su suka fi mu kula da shi. A Ingila sun yi doka cikin 1949 don kare hanyoyin ƙafa na karkara, cikin 1996 kuma suka buɗe hanya mai tsawon mil wajen 184 a bakin kogin Temis, tun daga mafarinsa har Landan. Amma yawancinta tsohuwar hanya ce wadda dawaki ke bi suna jan jiragen kaya, gyara ta kawai aka yi. Mu ma ai muna da tamu, watau burtali. Kakanninmu sun shinge shi da aguwa dama da hagu, don shanu su sauka mashaya ba su taɓa shukar kowa ba. Da aka nome burtali aka nome mashaya, kowa ya ga abin da ya biyo baya tsakanin manomi da makiyayi a ƙasar Katsina, ba sai na faɗa ba. Don haka ko da za a ƙi hanyar masu shan iska, kada a ƙi ta shanu. Sai dai a raba su, ta shanu ta miƙe zuwa mashaya, ta mutane ta bi gaɓa, domin kofato yana rusa bakin rafi kamar yadda gatari ke yi.

Wanda na fi tausayi shi ne mai lambu. Bakin rafi nan ne abincinsa, nan yake samun albasa da tumatir da rani, yadi 20 kuwa a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. In aka zo masa da takarda da ɗan sanda, zai ce to, da dare ya tumɓuke dashen. A nan sai mu leƙa Nijar. Cikin 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin Mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, sai ya lura kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, suna tofo kowace shekara ana sarewa. Ya shawo kan manoma su riƙa barin reshe kaɗan mafi ƙarfi, su sassabe saura. An ƙiyasta cewa ta haka, a Maraɗi da Damagaram da kewaye, itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a fili hekta miliyan 5. Abin bai kama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba. To, mu ma a yi haka. Wanda ya ba da bakin gonarsa, tsamiya da ɗorawa da goruba da suka tashi a wurin nasa ne shi da 'ya'yansa, da busasshen reshe, da 'ya'yan gawo na dabbobinsa. A rubuta wannan gaban dagaci da hakimi, a ba shi takarda ya ajiye.

Masu yashi kuma kada a hana su sana'a, gini ba ya yiwuwa sai da su. A nuna musu wurin da za su ɗiba, nesa da gada da mashaya, kuɗin da ƙaramar hukuma ke karɓa a hannunsu a biya mai gadi da shi.

Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninsa, ya sa hakimai su gwada wannan a rafi guda tukuna, tsawon mil 2, a ga abin da damina 3 za su nuna. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka kafa cikin 2015, ke aiki a cikinsu, sai a nemi taimakonta. Ni dai na yi magana da ƙannena, mun yarda gatari ba zai ƙara taɓa kututturan da suka rage a bakin gonarmu ba. Malaman Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, ina so ku rubuto ku faɗa mana halin da rafukanku ke ciki, da sunayen itatuwan da suka saura. Haza wasalam.

Naka,
Ɗan Kusugu, Daura.