Tantin Dutse da Takardun da Aka Ƙona

A unguwar Mortlake ta birnin Landan, cikin maƙabartar cocin Katolika na St Mary Magdalen, akwai wani kabari da aka sassaƙa da dutse bisa siffar tantin Larabawan hamada. A cikinsa Richard Burton yake kwance tare da matarsa Isabel. Shi ne Baturen nan da ya yi shigar Musulmi ya kutsa Makka a 1853, kuma ya zo ƙasar nan neman zinariya a 1882, tun ana ce mata Gwalkwas.

Da ya mutu a 1890, Isabel ce ta tsara ginin, ita ma aka ajiye ta a ciki a 1896. Ta bayansa akwai tsani da tagar gilashi, inda mai ziyara kan hau ya leƙa akwatunan gawar biyu. Sai dai matar da ta yi wannan ɗawainiya ita ce kuma ta cinna wa takardun mijinta da dama wuta, har da fassarar wani littafin Larabci da ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa a kanta. Tantin yana nan tsaye, amma abin da wuta ta ci ya tafi ke nan.

Mu mutanen zango ba ma gini a kan kabari, domin addininmu ya hana, kuma ba mu nemi a sake wannan ba. Abin da ke riƙe sunan magabatanmu shi ne rubutu. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, ya rasu tun 1934, tafkin Volta kuma ya cinye tsohon garin da ya zauna, amma har yau ana karanta waƙoƙinsa saboda an samu waɗanda suka kwafa suka adana.

To, mu fa? A gidajenmu na Kumasi, Salaga da Sabon Zango na Accra akwai akwatuna cike da ajami: wasiƙun fatake, salsalar dangi, lissafin cinikin goro. Ba mu ƙona su ba, amma mun bar wa gara da laima aikin, sakamakon kuwa ɗaya ne.

Don haka kowane gida ya buɗe akwatinsa tun dattawan da ke iya karanta wannan rubutu suna raye. A ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta sunan mai shi da garin da ya fito, a raba wa 'yan'uwa kwafi. Allah Ya jiƙan magabatanmu.