Gudun Safe Da Gayyar Lambu

Jama'a, da asuba akan ga samarin Minna suna sassarfa tsakanin Bosso da Tunga, guminsu yana zuba a kan kwalta. A Ingila kuwa, tun 2009 ƙungiyar GoodGym ta birnin Landan take tara masu gudu su nufi lambun unguwa, su yi noma da shuka, kana su koma a guje. Wannan fa ba baƙon abu ba ne gare mu, gayya ce. To, me zai hana samarinmu su ƙare gudunsu a makarantun firamare, su dasa mangwaro da darbejiya, su jure ban-ruwa har rani ya wuce? Itacen da aka dasa aka manta, akuya ce magajiyarsa. Allah Ya ba mu iko.