Tsoffin Motocin Soja: Ƙarfen Da Bai Kamata A Auna A Sikeli Ba

A unguwar Gwange ta birnin Maiduguri, kamar yadda yake a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, idan mota ta tsufa har ta kwanta, sikeli ne yake yanke mata hukunci na ƙarshe. A farfasa ta, a auna kilo-kilo, a loda a tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe na Legas da Ogun. A wannan ciniki ba a tambayar shekarar da aka ƙera mota ko masana'antar da ta fito. To amma akwai wani rukuni na tsoffin motoci, musamman ƙirar soja irin su Land Rover da Bedford da Unimog, waɗanda kayan cikinsu ke da masu nema a Turai da Amurka, kuma narka su ba tare da tantancewa ba asara ce ga jihar da ke neman kowace kafa ta samun aikin yi.

Dalilin wannan buƙata a fili yake. Kamfanin Land Rover ya fara fitar da motarsa a 1948, ya kuma daina ƙera tsohuwar samfurin Defender a masana'antarsa ta Solihull a watan Janairun 2016. Manyan motocin Bedford kuwa, tun cikin shekarun 1980 kamfanin General Motors ya janye hannunsa daga ƙera su. Duk da haka dubban mutane a ƙasashen waje suna ajiye irin waɗannan motoci, suna gyara su, suna fita da su wuraren baje koli. A Amurka suna da ƙungiya mai suna MVPA tun 1976, a Ingila kuma doka ta ɗauke wa motar da ta haura shekara 40 harajin hanya. Mai irin wannan sha'awa ba ya son sabon kwaikwayo. Abin da yake nema shi ne kafireto ko lagireto ko akwatin giya na asali, mai ɗauke da lambar masana'anta, ko da ya yi tsatsa.

Borno kuwa ta daɗe tana karɓar irin waɗannan motoci. Tun daga watan Satumban 1940 Maiduguri ta zama zango a hanyar jiragen yaƙin Ingila da ke tashi daga Takoradi, su bi ta Legas da Kano da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, zuwa Khartum da Alƙahira, kuma filin jirgi ba ya aiki sai da motocin mai da na kaya. Bayan yaƙi, Land Rover ta zama motar En'e da ma'aikatun gona da na lafiya, domin ita ce ke iya ratsa yashi da taɓon firgi. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka buɗe masana'antar Leyland a Ibadan da ta Steyr a Bauchi. Motocin da hukumomi suka yi gwanjonsu sun koma hannun 'yan kasuwa masu zirga-zirga zuwa Baga da Gamborun Ngala da Chadi, kanikawan gari suka yi ta raya su shekara da shekaru ta hanyar ciro kayan wannan a sa wa waccan. Ga kuma busasshiyar iskar yankin, wadda ba ta cin ƙarfe kamar damshin Turai.

Sai dai duk wanda zai yi maganar tsohon ƙarfe a Borno dole ya fara da jinin da aka zubar a kansa. A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 30 da suka fita daga garin Rann neman ƙarafa a daji. A watan Yulin 2023 Gwamna Babagana Umara Zulum ya haramta sana'ar tsintar ƙarafa, wadda aka fi sani da ajakuta, bisa hujjar asarar rayuka da kuma lalata kayan gwamnati a garuruwan da mutane suka yi ƙaura. Wannan mataki yana da hujja, kuma babu wata kasuwar ƙasar waje da ta isa a sake tura matasa daji dominta. Ragowar motocin yaƙi da ke yashe a fagen fama dukiyar rundunar soja ce, wasunsu ma na ɗauke da abubuwan fashewa. Ba su cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Abin da ake magana a kai shi ne wanda ya riga ya kasance cikin gari, a garejin kanikawa da bayan gidajen tsoffin direbobi, mallakar mutane ta halal. Shi ma lokaci yana ƙure masa. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024 ta mamaye Gwange da maƙwabtanta na bakin kogin Ngadda, kuma injin da ya kwana cikin ruwa da laka, idan ba a buɗe shi an wanke ba, ya gama aiki. Magidancin da ya rasa kayan ɗakinsa ba zai tsaya jiran wani Bature ba. Zai sayar wa mai sikeli a ranar.

Babban shingen yana wurin doka. Jerin kayayyakin da Hukumar Kwastan ta hana fitarwa daga Nijeriya ya ƙunshi tarkacen ƙarfe da kayan tarihi. Tsohon akwatin giya yana tsakanin biyun a idon jami'in da ke tashar Apapa, kuma inda doka ta yi shiru, nan ne cin hanci ke samun wurin zama. Ya kamata Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, ta zauna da Kwastan su fayyace cewa kayan gyaran da aka wanke, aka rubuta lambarsa, aka kuma nuna takardar mallakarsa, haja ce ba tarkace ba. Duk abin da ya shafi sulke ko makami kuwa, a bar shi ƙarƙashin ikon ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa. Ita kuma gwamnatin jiha tana iya yi wa 'yan gareji kaɗan rajista ta hannun ƙungiyar kanikawa, da littafin da za a riƙa shigar da asalin kowane kaya.

Kada a ruɗi kowa, kasuwar ƙarama ce. Ba za ta kama ƙafar cinikin kifin Baga ko na shanu ba, kuma cika fom ɗin NXP a banki da dawo da kuɗin musaya cikin kwana 180 sun fi ƙarfin bakanike shi kaɗai, sai an haɗa kaya a kwantena guda. Akwai kuma hatsarin dillalan Legas su saye a farashin kilo su sayar a farashin dala. Maganin wannan shi ne mai kaya ya san abin da ke hannunsa, kuma tsoffin kanikawan da ke iya gane kayan Bedford da ido suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Su ne ya kamata a fara nema, kafin a kai ga buga fom. Idan kuma aka ci karo da mota cikakkiya daga zamanin En'e, gidan tarihi na Maiduguri ya fi cancanta da ita fiye da kwantena.