Tabon Harsashi da Haƙƙin Dabbar Dawa

A Amurka akwai mafarauta da yawa da ba sa sayen haɗaɗɗen harsashi. Sukan sayi sassansa huɗu daban-daban, wato kwanson tagulla, da albarushi, da ɗan ƙyastun da ke kunna shi, da ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga, su haɗa da hannunsu a gida. Mai wannan aiki yakan yi watanni yana gwaji kafin ya samu haɗin da bindigarsa ta amince da shi, kuma idan ya samu ba ya son sauyi. Shi ya sa ƙarancin da ya auku a 2020 da 2021 ya fi yi masa ciwo fiye da kowa.

Dalilan ƙarancin a bayyane suke. A 2020 hukumar FBI ta gudanar da binciken masu neman bindiga kusan sau miliyan 40, adadin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. A watan Yulin shekarar kamfanin Remington ya durƙushe, aka rarraba kadarorinsa: Vista Outdoor ya sayi masana'antar harsashi ta Lonoke a jihar Arkansas, Sierra kuma ya sayi Barnes. Idan buƙata ta yi yawa haka, masana'antu kan karkata injinansu ga abin da ya fi fita a kasuwa, kamar yadda Hornady ya dakatar da wasu samfuransa na ɗan lokaci a 2013. Ƙwayar farauta mai wani nauyi na musamman ita ce ke fara ɓacewa daga kanti.

A irin wannan hali ne ido ke komawa kan kayan da masana'anta ta ware saboda tabo. Nosler na jihar Oregon yana sayar da irin waɗannan a farashi mai rahusa, Sierra ma yana sayar da nasa a shagonsa na Sedalia a jihar Missouri. Wasu mafarauta na ƙyamar su, suna ganin duk abin da aka ware to da walakin. Wannan ƙyama ta wuce gona da iri, domin yawancin abin da ido ke gani a jikin ƙwaya ba shi da hannu a inda za ta sauka.

Hujjar tana cikin yadda ƙwaya ke tafiya. A cikin bututun bindiga akwai murɗaɗɗen zane da ke sa ta juyawa. Ƙwayar da ta fita da gudun ƙafa 2,700 a daƙiƙa, daga bututun da ke juya ta sau ɗaya a kowane inci 10, tana juyawa sau 3,240 a daƙiƙa, wato sau 194,400 a minti. Abin da ke juyi haka, babban abokin gabansa shi ne rashin daidaiton nauyi a kewayen tsakiyarsa. Dusashewar launi, ko ɗigon ruwa da ya bushe, ko ɗan karce a rigar jan ƙarfe, ba sa motsa wannan daidaito. Hasali ma zanen bututun da kansa yana yi wa ƙwaya karcen da ya fi na masana'anta zurfi kafin ta fito.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun 1909 likita Franklin Mann ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya yi shekaru yana yi, ciki har da lalata ƙwayoyi da gangan yana harbawa. Darasin da maharba suka riƙe daga aikinsa shi ne lahani a gindin ƙwaya ya fi lahani a tsininta illa nesa ba kusa ba. Gindin ne ke rabuwa da bakin bututu a ƙarshe; idan ya karkace, iskar albarushi kan kuɓuce ta gefe guda ta tura ƙwayar baibai. Tsinin da ya ɗan lotsa kuwa yana ƙara jan iska ne kawai, abin da sai a tazara mai nisa yake bayyana. A yadi 100 ko 200, inda huhu da zuciyar barewa ke da faɗin kusan inci 8, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Masu ƙyama suna da magana guda mai nauyi: ba kullum mai sayarwa ke faɗin dalilin ware kaya ba, kuma lahanin da ya fi haɗari ɓoyayye ne, kamar rigar da ta fi kauri a gefe ɗaya, ko ƙwaya mai wani nauyi da ta faɗa cikin buhun da ba nata ba. Amsar wannan ita ce kada a yi cinikin biri a sama. Mai haɗa harsashi ya riga ya mallaki sikeli da ma'aunin kauri. Ya auna kowace ƙwaya, ya duba gindinta, ya jefar da wadda ta saɓa, sannan ya harba rukunin masu tabo da na marasa tabo a kan takarda, a rana guda da tazara guda. Takarda ba ta son kai.

Hatsarin gaske a lokacin ƙaranci yana wani wuri dabam. Mafaraucin da ya rasa ƙwayar da ya saba, ya kuma raina mai tabo, yakan ɗauki ƙwayar gasar harbi mai sheƙi saboda nauyinsu ɗaya. Kyan ɗan maciji ke nan. Sierra da kansa bai yarda a farauci manyan dabbobi da MatchKing ba, domin ba a ƙera ta don ta buɗe a jikin dabba yadda ya kamata ba. John Nosler ya fito da Partition a 1948 ne bayan ƙwayarsa ta kasa ratsa jikin wata babbar dabba a Kanada. Haka nan ƙwayar jan ƙarfe zalla, irin wadda mafarautan Kaliforniya suka koma wa tun da aka hana farauta da dalma a Yulin 2019, ta fi mai dalma tsawo a nauyi guda, don haka duk wanda ya sauya dole ya koma mafi ƙarancin albarushin da littafin masana'anta ya nuna, ya sake gwaji daga farko.

Abin da ke kan sikeli shi ne dabbar da za ta faɗi nan take ko ta tsere da rauni ta mutu a daji bayan kwanaki. Ƙwaya mai tabo da aka auna, aka gwada, wadda arharta ta ba maharbi damar yawan atisaye, ta fi kusa da sauke wannan haƙƙi fiye da mai sheƙi da aka ɗauka a kan zato.