Ba Saniya Kaɗai Ke Indiya Ba

A hutun da ya wuce, muna shan shayi a fadarmu ta Gagamari, wani aboki ya ga fassarar Upanishad ta Faransanci a hannuna, ya ce: "Kai kuma, littafin masu bautar saniya ka koma karantawa?" Aka kwashe da dariya. Abin haushin, a daidai lokacin fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa ke tashi a wayarsa. Wato rawarsu da waƙarsu halal, tunaninsu ne haram?

To, ku saurara. Tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa waɗannan littattafai ke bin tambaya guda: wane ne wannan mai cewa "ni"? Sun kira shi atman. Ba jiki ba ne, don jiki na tsufa. Ba tunani ba ne, don tunani na zuwa ya wuce. Shi ne mai kallon su duka. Shankara, a wajen ƙarni na 8, ya ce atman da brahman, asalin dukkan samuwa, abu ɗaya ne. Jahilci ke nuna su biyu. Misalin da mabiyansa ke bayarwa, duk manomin tattasai a bakin Komadugu ya san shi: da magariba ka hangi igiya bisa hanya, ka daka tsalle, maciji! A haska tocila, maciji ya ɓace, ba wanda ya ɗaga sanda. Shi ya sa a wurinsu sani ke ƴanta mutum, ba yawan hadaya ba.

Ni ban yarda da su ba. A wurina Mahalicci daban, halitta daban. Amma na san abin da na ƙi. Kai fa?

Gwada ma fassara atman ka gani. Rai? Kurwa? Ruhi? Ko "kai", wanda a Hausa shi ne na bisa wuya, shi ne kuma na "ni da kaina"? Kwana uku na yi a kan kalmar nan, wallahi ban gama ba.

Kuma ba ni na fara ba. Albiruni, Musulmi, ya zauna ya koyi Sanskirit, ya rubuta littafi sukutum da Larabci a kan aƙidun Indiyawa wajen shekarar 1030. Yau in ana lissafin malamanmu na da, har da shi muke bugun ƙirji.

Duk wannan na faɗa a fada. Abokina ko ɗagowa bai yi ba, wai an kusa kashe bos.