Har Yaushe Za Mu Zauna Haya A Gidan Microsoft?

  

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin matasanmu masu karatun kwamfuta daga Kazaure har Babura. Da zarar an ji kamfanin Microsoft reshen Najeriya ya sanar da wani shiri na horar da matasa, sai a shiga tura wa juna sanarwar ana murna, har da masu yi wa kamfanin addu'a kamar wanda ya haƙa musu rijiya fisabilillahi. Ni kuwa ina ganin lokaci ya yi da za mu ajiye murnar nan mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi, domin ofishin da ke Legas ofishin ɗan kasuwa ne, kuma duk shawarar da ta shafe mu a garin Redmond na Amurka ake yanke ta.

Ga hujja. A shekarar 2019 kamfanin ya sanar da kafa cibiyar injiniyoyinsa ta Afirka a Nairobi da Legas, da alƙawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara biyar. A 2022 aka buɗe ofishin cibiyar a Ikoyi da gagarumin biki. A watan Mayun 2024 sai ga labari an rufe ɓangaren Legas, a daidai watan da kamfanin da abokin hulɗarsa G42 suka sanar da shirin zuba dala biliyan ɗaya a Kenya. Babu dalilin da zai sa a shawarce mu, tunda mai gida ba ya neman izinin ɗan haya kafin ya rushe ɗaki. Sannan a Fabrairun 2025 reshen ya yi shelar ware dala miliyan ɗaya don koya wa 'yan Najeriya miliyan ɗaya ƙirƙirarriyar basira. Raba da kanka: dala ɗaya ce kan kowane mutum, wajen naira 1,500 a canjin lokacin. Irin wannan horo kuwa galibi ta intanet ake yin sa, ke nan kuɗin data da na cajin waya yana wuyan ɗalibin da ke Roni ko Gwiwa, kuma abin da zai ƙware a kai a ƙarshe hajar kamfanin ce. Talla ce aka sa wa rigar sadaka.

Adalci ya wajaba ko a kan wanda ake jayayya da shi. Tun zamanin Windows Vista kamfanin ya fitar da fassarar Hausa ta babbar manhajarsa, a 2023 kuma ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara. Akwai kuma 'ya'yanmu da suka ci abinci da satifiket ɗinsa, Allah Ya sa musu albarka. Kasuwanci da wanda ba Musulmi ba halal ne, babu mai jayayya a kan wannan. Abin da nake ƙi shi ne dogaron da ya kai mu ga ba mu da kataɓus idan an juya mana baya.

Dubi abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba, 2025, ranar da kamfanin ya daina kula da Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajistarsa. Windows 11 da ta gaje ta tana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma inji na baya-bayan nan, wanda yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharaɗinsa ba. To wace irin kwamfuta ce a shagunan buga takardu na garuruwanmu, da ofisoshin makarantun Islamiyya, da hannun ɗalibai? 'Yan gwanjo ne da aka gama cin moriyarsu a Turai, aka sauke mana su a Legas da Kano. Lafiyarsu ƙalau, suna aiki, amma da sanarwa guda an mayar da su gida marar ƙofa, duk ɓarawon intanet da ya gano sabuwar kafa zai iya shiga, babu mai zuwa ya toshe.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, mu ai ba ma saye, kwafi muke sa wa, mu ne ma muke cutar su." A nan nake so mu tsaya, don nan ne ciwon yake. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka sassauta wa mai kwafa don amfanin kansa bisa larura, amma mai cika kwamfutocin mutane da manhajar sata yana karɓar kuɗi ba shi da wannan mafaka, kuma kasancewar mai haƙƙin attajiri ne ko kafiri ba ya mayar da dukiyarsa ganima. Mu da muke karantar da yara babin amana da yamma, sannan mu buga takardar jarrabawar babin da manhajar da aka fasa wa makulli, ya kamata abin ya dame mu.

Kuma wa ya ce cutar su kake yi? Tun 1998 Bill Gates, da yake magana kan masu kwafar manhajoji a ƙasar Sin, ya nuna cewa in dai za a sata to gara a saci nasu, mutane su saba har su kasa rabuwa, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗin. Yaron da ya koyi kwamfuta da kwafin sata a Kazaure gobe shi ne darakta a ma'aikata a Dutse, kuma shi zai sa hannu a sayi lasisi da dala daga baitulmalin jama'a, don bai san wata manhaja ba sai ita. Ka ɗauki alhaki, shi kuma ya sami abokin ciniki na har abada.

Akwai kuma abin da ba zan tsallake ba. A Agustan 2025 jaridar Guardian ta Ingila da wasu kafofi biyu na Isra'ila suka fallasa cewa rundunar leƙen asiri ta 8200 tana ajiye miliyoyin kiraye-kirayen wayar Falasɗinawa a rumbun Azure na Microsoft. A Satumba shugaban kamfanin Brad Smith ya sanar da yanke wa rundunar wasu hidimomi, bayan an sha zanga-zangar ma'aikata an kuma kori wasunsu. Ma'aikacin Legas ba shi ya aikata ba, amma aljihun ɗaya ne.

Malaman sira sun kawo cewa Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa domin bai amince wani bare ya riƙa rubuta masa wasiƙu yana karanta masa ba, kuma cikin kusan rabin wata ya iya. Bai hana hulɗa da su ba, ya dai ƙi a riƙe masa alƙalami. Yau alƙalamin shi ne manhaja, kuma akwai wadda aka halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba, ya ma sayar: Linux tun 1991, LibreOffice tun 2010. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, da duk arzikinta, ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan irin waɗannan manhajoji. Su da suke da kuɗin lasisi sun ga guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, balle mu.

Mu kuwa ba mu da uzuri. Tun 2001 aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a gari ɗaya, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Yanki nawa ne a Arewa ke da uku irin waɗannan kusa da juna? Ina kira ga ɗalibansu, musamman masu halartar majalisun karatu, su kafa ƙungiyoyin sa-kai, su bi makarantun Islamiyya da shagunan buga takardu na Roni da Gwiwa da Babura suna ɗora Linux Mint ko Ubuntu a tsofaffin kwamfutoci, bayan sun kwashe wa mai ita takardunsa a wuri amintacce. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, tana rubuta Larabci daga dama zuwa hagu, duk da cewa wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce sai an gyara, kuma wasu na'urorin buga takarda sukan ba da wahala kafin su karɓa. Wanda aikinsa ya tilasta masa Windows, ya sayi lasisi na halal ya huta. Masu neman aikin kammala digiri kuma, fassarar waɗannan manhajoji zuwa Hausa tana nan tana jiran hannu, kuma ba a neman izinin kowa a Legas kafin a fara.